Shekara biyu ina ɗiga wa ɗana maganin ƙaiƙayin ido, yanzu ganinsa ya ragu

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 9 yana fama da ƙaiƙayin ido tun yana ɗan shekara 6. Da zarar zafi ya shigo sai idon ya yi ja, farin ya koma ruwan ƙasa, ya yi ta murza. Shekara biyu da suka wuce aka rubuta mana maganin ɗigawa a asibiti, a jikin kwalbar an rubuta dexamethasone. Kwana biyu idon ya washe. Tun daga nan duk sa'ad da ciwon ya motsa sai in aika kemis a sayo, yanzu kusan kullum sai an ɗiga masa. Kwanan nan malaminsu ya ce ba ya ganin allo sosai, shi kuma yana cewa rana tana kashe masa ido. Maganin ne ya jawo ko ciwon ne ya ci gaba? Sannan mahaifina yana shan maganin tarin fuka, an ce shi ma yana taɓa ido. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yaron lafiya, ya ba Baba lafiya. Kafin kowane bayani, ga abin da ba ya son jinkiri: ki kai yaron nan wurin likitan ido a cikin makon nan. Idan kin shiga, kada ki tsaya kan "yana ƙaiƙayin ido". Ki ce shekara biyu ke nan yana ɗiga dexamethasone, kina son a auna masa hawan jinin ido, a kuma leƙa jijiyar ganinsa. Wannan maganar ita za ta sa a duba shi yadda ya kamata, maimakon a sake rubuta muku wani ɗigon a sallame ku.

Ciwon da kika siffanta mun san shi sarai, don babu ranar da za a buɗe ɗakin duba ido a Arewa ba a ga yara irinsa ba. A littattafan likitanci an laƙaba masa sunan lokacin tohon itatuwa na ƙasashen Turai, saboda a can a lokacin yake tashi. A nan ƙasarmu ba ya bin wannan ƙa'ida, yakan zagaye shekara, sai dai ya fi tsananta da ƙurar hunturu da zafin bazara. Ya fi kama yara maza, yakan fara kafin shekara 10, kuma mafi yawansu yana sakin su bayan sun balaga. Ba ƙwayar cuta ba ce, ba a ɗauka, ba gadon makanta ba ne. Garkuwar jikin yaron ce take da zafin rai: ƙura, hayaƙi, garin furanni, iska mai zafi, abubuwan da wani yaron zai wuce su lafiya, shi nasa idon sai ya ɗauke su abokan gaba ya kumbura. Ruwan ƙasan da kike gani a farin idon kuwa launin fatarmu ne ya taru saboda daɗewar kumburi. Na sha jin iyaye suna cewa shawara ce, ko datti ne, har akwai saurayin da aka zarga da shaye-shaye a gida saboda launin idonsa. Launin nan ba ya rage gani ko kaɗan. Ina jaddada wannan ne domin neman farin ido shi ne ya fi jefa iyaye cikin abin da kika shiga, garin neman gira a rasa ido.

Dexamethasone yana cikin dangin magungunan da ake kira sitiroyid. Aikinsu kwantar da garkuwar jiki da kashe kumburi, kuma a wannan fagen babu na biyunsu wajen sauri. Likitan da ya rubuta muku bai yi kuskure ba. Ni ma ina rubuta shi idan ciwon ya yi tsanani, na mako ɗaya ko biyu, a riƙa rage ɗigon har a daina, yaro kuma ya dawo in auna shi. Matsalar ta fara ne ranar da kwalbar da ta ƙare ta zama takardar likita, aka miƙa ta a kemis aka ce a ba da irinta. Ban faɗi haka don in ɗora miki laifi ba. Uwa ce ta ga ɗanta yana kuka da ido, ta ga abin da ya ba shi sauƙi, ba wanda ya gargaɗe ta, kuma aka sayar mata ba tare da tambaya ba. Magani irin wannan bai kamata ya fita daga kanti babu takarda ba.

Ga abin da yake faruwa a ciki. Ido yana ƙirƙirar wani ruwa garai-garai dare da rana, wanda ba hawaye ba, shi ne yake ciyar da gaban idon yake kuma riƙe masa siffarsa. Ruwan yana fita ta wata 'yar rariya mai ƙananan ƙofofi da ke zagaye da baƙin ido ta ciki. Sitiroyid idan ya daɗe yana sa dauɗa ta taru a ƙofofin nan, rariya ta toshe, ruwa yana shigowa ba ya fita yadda ya kamata. Sai matsi ya hau. Mun saba cewa hawan jinin ido, amma ba jini ba ne, ruwa ne, kuma mutum zai iya samun sa alhali awon jininsa na hannu lafiya lau. A ido mai lafiya awon yana tsakanin 10 zuwa 21. Idan ya haura ya zauna a sama, sai ya riƙa danne jijiyar gani da ke bayan ido, wadda take ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya zuwa ƙwaƙwalwa. Duk zaren da ya mutu ya tafi ke nan, babu ɗigo, babu tiyata, babu tabarau da zai dawo da shi. Wannan ita ce gilakoma. Muguntarta ita ce ba ta ciwo, kuma ta gefe take fara cin gani, tsakiya ce ta ƙarshe. Ga shi kuma maganin ya wanke idon fes, ƙaiƙayi ya tafi, kowa a gida yana hamdala, ɓarna tana tafiya a ɓoye.

An san da wannan tun farkon shekarun 1950, jim kaɗan bayan fara amfani da sitiroyid a asibitoci. A shekarun 1960 wasu likitocin ido biyu a Amurka, Mansour Armaly da Bernard Becker, kowannensu ya gwada ɗiga wa mutane sitiroyid mai ƙarfi na makonni huɗu zuwa shida yana auna su. Abin da aka samu har yau shi muke koyarwa: kusan kashi biyu cikin uku awonsu bai motsa sosai ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ya hau matsakaici, sannan kimanin mutum 5 cikin 100 ya yi mummunan hawa. Ki lura, makonni ake magana, ba shekaru ba, kuma manya ne. Yara sun fi manya saurin hawa, nasu ya fi tsanani. Haɗarin yana ƙaruwa ga wanda akwai gilakoma a danginsa, da mai ciwon suga, da wanda ba ya gani nesa sosai. Mu kuma baƙaƙen fata dama can gilakoma ta fi kama mu da wuri. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da 'yan shekara 40 zuwa sama, da kashi 43 cikin 100, gilakoma tana biye da kusan kashi 17. Ba za ki gane wane rukuni ɗanki yake ba ta kallon ido. Na'ura ce kawai take faɗa, kuma awon bai kai minti biyu ba.

Akwai yaron da ba na mantawa da shi, ɗan shekara 12, an kawo shi da leda cike da kwalabe. Idonsa fari tas, ba ja ba kwantsa. Mahaifinsa ya kawo shi ne don a yanka masa tabarau, wai yana yawan tuntuɓe. Awon ido ɗaya ya haura 40, kuma jijiyar ta riga ta ƙwaƙule. Ɗayan muka samu muka ceto. Har yau idan na ga kwalbar nan a hannun uwa sai gabana ya faɗi.

Maganar rana da take kashe masa ido ta sa na yi tunanin abu na biyu, wato yanar ido. Sitiroyid yana haifar da wata irin yana da take zama a bayan madubin cikin ido, daidai tsakiya, inda haske yake bi. Mai irinta ya fi gani a inuwa ko da yamma, idan ya fita rana ko fitilar mota ta haske shi sai komai ya watse. Daga waje ba a ganinta, ba kamar yanar tsofaffi ba da take yin fari. Daina magani ba ya narkar da ita, amma ita tana da gyara: idan ta hana karatu ana cire ta a sa madubin roba, gani ya dawo. Tsakanin yana da gilakoma, duk likitan ido zai roƙa wa ɗanki yana.

Shi kansa ciwon ma yana iya rage gani, don haka tambayarki ta biyu tana kan hanya. Ƙurajen da suke fitowa a ƙarƙashin fatar ido ta sama suna gogar gilashin gaban ido har su yi masa gyambo, ya warke ya bar hakiya. Murza kuma ta shekara da shekaru tana sa gilashin nan ya yi siriri ya tsiro gaba kamar kan tulu, sai yaro ya riƙa canza tabarau ba ya gamsuwa. Tana kuma iya yiwuwa abin bai wuce buƙatar tabarau ba, kamar kowane ɗan makaranta. Awo ne zai raba gardama, kuma sau da yawa abu biyu ake samu tare.

To yanzu me za ki yi da kwalbar? Kada ki sayo sabuwa. Kada kuma ki yanke maganin rana ɗaya ki zauna a gida, domin idon da ya saba da sitiroyid shekara biyu yakan yi bore idan an cire masa lokaci guda, ciwon ya dawo fiye da da, ki koma kemis dole. Likita ne zai tsara yadda za a sauko da shi a hankali, yana maye gurbinsa da wani. A mafi yawan mutane awon yana komawa daidai cikin 'yan makonni bayan an daina. Wanda ya daɗe sosai yana iya buƙatar ɗigon sauke matsi na tsawon lokaci, wani har da tiyata. A nan akwai abu biyu da za ki faɗa ko ba a tambaye ki ba. Idan yaron yana da asma ki faɗa, domin yara masu wannan ƙaiƙayin da yawa suna da ita, kuma ɗigon timolol da ake yawan bayarwa don sauke matsi yana iya tayar da ita har numfashi ya sarƙe. Idan mai sikila ne shi ma ki faɗa, saboda ƙwayar acetazolamide ba ta yi masa kyau.

Magungunan da ake riƙe ciwon da su na dogon zango suna nan, kuma ba sa hawar da matsin ido. Akwai olopatadine da ketotifen, akwai sodium cromoglicate mai araha, sai dai shi yana ɗaukar kamar mako biyu kafin a ga aikinsa, kuma a nan iyaye suke karaya su ce ba ya yi. Yana yi, riga-kafi ne, ana ci gaba da shi ko ranar da babu ƙaiƙayi. Ga masu tsanani akwai ciclosporin da tacrolimus, suna da raɗaɗi a kwanakin farko sannan ido ya saba. Idan dole sai an koma sitiroyid akwai masu sauƙi kamar fluorometholone da loteprednol, su ma da awo. A gida kuwa, tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, na randa ma ya isa, a ɗora a kan ido a rufe idan ƙaiƙayi ya taso. A wanke fuska idan ya dawo daga makaranta ko wasa. Baƙin tabarau da hular hana sallah a lokacin ƙura. A raba shi da hayaƙin murhu, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa a ɗakin da yake kwana. Ba za ki iya hana yaro mai ƙaiƙayi murza ido da tsawa ba, sanyin nan ne zai sa hannun ya sauka. Nonon uwa, ruwan sukari, ruwan albasa da fitsari kada ko ɗaya ya shiga idonsa. Mun ga idanun da suka narke saboda su.

Ki duba sauran magungunan ido da ke gidanki. Duk wanda kika ga dexamethasone, betamethasone, prednisolone ko hydrocortisone a jikinsa, sitiroyid ne. Da yawa a gauraye suke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kamar Maxitrol, Tobradex, Sofradex da Betnesol-N. Magunguna ne na gaske masu amfani a hannun wanda ya duba idon, amma gaurayen yana sa mutane su ɗauka maganin kowane jan ido ne. Jan ido ba ciwo ɗaya ba ne. Apollo, wanda aka fara gani a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata har ya samo suna daga nan, yana warkewa da kansa cikin mako guda ko biyu. Amma manomin da ganyen dawa ko gero ya karce wa ido lokacin girbi, naman gwari yana iya shiga ciwon, kuma ɗiga masa sitiroyid tamkar zuba wa ciyawa taki ne. Haka gyambon da ƙwayar hafis, mai fitar da ƙuraje a leɓe, take yi a gilashin ido. Kwana biyu na farko mutum zai ji daɗi, ranar da zai iso gare mu ido ya kusa hujewa.

Ba na son ki tashi daga nan kina ganin sitiroyid guba ne, don akwai inda tsoronsa ne yake makantarwa. Akwai kumburin da yake tashi a can cikin ido, a shimfiɗar da ke ɗauke da jijiyoyin jini, likitoci suna ce masa yubiyaitis. Alamarsa ciwo mai nisa kamar ana danna idon, ƙin haske, gani dishi-dishi, jan ya fi taruwa a kewayen baƙin ido, ba ƙaiƙayi, ba kwantsa. Mai wannan yana buƙatar sitiroyid mai ƙarfi, wani lokaci duk bayan awa ɗaya a kwanakin farko, tare da ɗigon buɗe ƙwayar ido don kada ta manne da madubin da ke bayanta. Idan ya ji tsoro ya rage da kansa, kumburin ne zai kawo masa yanar da gilakomar da yake gudu. Kuma dole a nemi tushensa, domin tarin fuka, da tunjere, da ƙwayar tokzofilazma da ake samu daga kashin kyanwa da naman da bai dahu ba duk suna kawo shi, kuma kowannensu da nasa maganin. Wani kuma daga ciwon gaɓɓai ko na ƙashin baya yake tasowa. Yaron da aka tabbatar yana da amosanin gaɓɓai na yara a riƙa kai shi awon ido ko bai yi ƙorafi ba, saboda nasu kumburin yana ci ne ido yana fari. Bambancin mai yubiyaitis da ɗanki ba a maganin yake ba, a awon da ake yi wa ɗaya ba a yi wa ɗayan yake.

Ba ta ɗigo kaɗai sitiroyid yake isa ido ba. Ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata suke sha, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, da yawansu dexamethasone ne. Mayukan bilicin masu clobetasol ko betamethasone da ake shafawa har fatar ido, da haɗin ƙwayoyin ciwon gwiwa da ake ƙulle wa tsofaffi a leda babu suna, duk hanya ɗaya suke bi zuwa yana da hawan jinin ido. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayar sitiroyid kada ya yanke ta kwatsam, yin haka yana iya jefa shi cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai, sai likita ya sauko da shi. Mai asma kuma kada wannan bayanin ya sa ya ajiye abin shaƙarsa, numfashi ya fi gaggawa, awon ido kawai zai riƙa yi.

Sai maganar Baba. Gaskiya aka faɗa miki. A watanni biyu na farko ana haɗa magani huɗu: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol. Na ƙarshen nan ne ya fi taɓa jijiyar gani. Ba kowa yake samu ba, kaɗan ne, amma haɗarin ya fi ga tsofaffi, da masu ciwon ƙoda domin ta ƙoda maganin yake fita, da wanda aka ba shi fiye da nauyinsa ko ya daɗe a kai. Yana zuwa ido biyu tare, ba ciwo, ba ja. Abin da yake fara canzawa launi ne, ja da kore su dusashe ko su rikice masa, tsakiyar abin da yake kallo ya yi hazo, karatun Alƙur'ani ko lambobin waya su gagara. Ku gwada shi a gida duk mako: ya rufe ido ɗaya ya kalli jan abu da koren abu, ya karanta rubutun da ya saba karantawa, sannan ya sauya ido. Ranar da ya ce wani abu ya canza, a ranar za a koma inda ake ba shi magani a faɗa musu, su cire ethambutol su gyara haɗin. Idan an kama da wuri gani yakan dawo cikin makonni ko watanni, idan an yi jinkiri yana iya zama na dindindin. Abin da ba za a yi ba shi ne ya watsar da maganin tarin gaba ɗaya don tsoro, domin tarin da aka yi wa rabin magani yana dawowa da taurin kai. Idan kuma kun ga fitsarinsa ko hawayensa sun koma ruwan goro, wannan rifampicin ne, ba komai.

Tunda gida ne mai majinyata, ki riƙe wasu biyu. Hydroxychloroquine da ake ba masu ciwon lufus (wanda garkuwar jiki take yaƙar jikin mutum) da amosanin gaɓɓai, da ɗan'uwansa chloroquine ga masu shan sa shekara da shekaru, suna taruwa a bangon bayan ido su lalata tsakiyar gani. Ƙa'idar hydroxychloroquine kada ya wuce miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, a yi awon ido a farko, bayan shekara biyar kuma a koma yi duk shekara. Na biyun gaggawa ne: wanda ya fara Septrin, Fansidar, allopurinol, nevirapine, ko maganin farfaɗiya irin carbamazepine da phenytoin, sai cikin makonnin farko ya yi zazzaɓi, baki da leɓe suka kwaile, ido ya yi ja, fata ta fara salewa kamar ƙuna, a tsayar da maganin a nufi asibiti a daren. A kuma nemi likitan ido ya gan shi tun yana kwance, domin sau da yawa ana ceto rai a mance da ido, fatar ido ta manne da ƙwayar, mutum ya tashi da bushewar ido ta har abada.

Wuraren zuwa suna nan: Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da sashen ido na asibitocin koyarwa a Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Idan sun yi miki nisa, babban asibitin jiharku ma ya isa, in dai akwai na'urar awon matsin ido, ki tambaya tun a wurin yankar kati. Ki tafi da duk kwalaben da ke gida, har waɗanda suka ƙare, ki ƙiyasta kwalba nawa yake shanyewa a wata. Za a iya ɗiga masa maganin buɗe ido wanda zai sa ya wuni yana gani dishi-dishi, don haka ki nemar masa izinin makaranta na ranar. Idan kuma akwai ƙaninsa ko yayarsa da aka taɓa ɗiga wa daga kwalbar nan, ki haɗa da su a auna su duka.